Alamar Da Ba Ta Isa Amurka Ba

Ma Tenneh ta rasu da asuba. Kafin hantsi mata sun fara daka ganyen rogo a bayan gida, maza sun tafi haƙa kabari. Mijinta, Pa Siafa, ya zauna a baranda yana fuskantar tafkin Piso. Bai yi kuka ba. Bai ji komai ba.

Ya ɗauko littafin gidansu. A ciki kakansa da ubansa suka rubuta duk wanda ya mutu, da rubutun ƙabilarsu ta Vai: suna, sai tsohuwar alama ɗaya mai nufin mutuwa a gabansa. A gidan nan ba a faɗa wa na nesa mutuwa da baki. Rubutawa ake yi, ya karanta shi kaɗai.

Saura ɗansa Armah da ke Amurka bai sani ba, ga jana'iza bayan azahar.

"Jebbeh, kawo wayarki," ya ce da 'yarsa. "Sa sunan uwarki. Sa wannan alamar a gaba."

"Pa, mu kira shi mana."

"Na tambaye ki shawara?"

Ta rubuta sunan da boko, don da shi ta saba. Alamar kuwa ta daɗe tana nema. Ta ce kowace alamar Vai an ba ta lambarta a waya, amma ta tsofaffi can ƙarshe aka tura ta. Da ta samu ta nuna masa. Ya duba. Ta fi ta ubansa siranta, amma ita ce.

"Aika."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Armah ne, muryarsa da barci, yana dariya.

"Ke Jebbeh, uwar iyayi, mene ne wannan? Sunan Ma na gani, sai wani ɗan akwati fanko. Wayata ba ta san rubutunku ba. Ko tsohuwar ce ke latse-latse? Ba ni ita in tsokane ta."

Jebbeh ta rufe baki da mayafi, ta miƙa wa ubanta wayar.

Pa Siafa ya riƙe ta nesa da kunne. A bayan gida taɓarya ba ta tsaya ba.

"Armah."

"Na'am, Pa. Kun tashi lafiya?"

"Kana zaune?"

"A kwance ma nake."

"To, tashi zaune," in ji shi. Sannan ya faɗa masa da baki.