Cokalin Gado a Bakin Kifi

Delmer Hrycan ya sa an yanke cokalin azurfar matarsa Marlys an yi abin kamun kifi da shi, cokalin kuma ya tafi ƙasan tafki. Ba wanda ya tilasta masa, kuma ba a buge yake ba.

Cokalin ba na kanti ba ne. Na gado ne, cikin akwatin da mahaifiyar Marlys ta bar mata, kowane cokali da gurbinsa a jikin jan ƙyalle. Sau ɗaya ake buɗe akwatin a shekara, ranar bikin godiya na kaka, in an gasa talo-talo dangi sun taru. Delmer ya yi tunani irin nasa: abin da ba a dubawa sai shekara ta zagayo, ai aronsa ba laifi ba ne.

Ga shi kuwa an yi masa kashedi. Ya taɓa kwashe mata wuƙar yanka nama, ya ɗauke rariya, ya ajiye gwangwanin tana a firji kusa da man shanu. Ranar tanar ce Marlys ta tsaya a gabansa ta ce, "Delmer, ka ƙara ɗaukar ko tsinken ashana daga kicin ɗina ka kai jirgin ruwan nan, jirgin zan sayar. Da sunana aka saye shi, in ka manta." Bai manta ba. Jirgin nan kuwa shi ne kaɗai wurin da yake zama a duniya ba mai ce masa ya cire takalmi.

Wanda ya zuga shi Orval Tessier ne, mai walda, abokin fitarsa kamun kifi.

"Kifin tafkin nan ya ƙoshi da ƙarfen kanti," in ji Orval. "Azurfa ta gaske, walƙiyarta daban take a ruwa. Kakana da cokali ya ciyar da gidansa. Kawo ɗaya, in yanke hannun, in huda, mu sa ƙugiya. Kafin biki na liƙe maka shi, ko maƙerin da ya ƙera shi ba zai gane ba."

Abin haushi, maganar Orval gaskiya ce. Da sanyi ya fara shiga, ganye ya yi ja, kifi ya taso daga zurfi, sai cokalin nan ya zama bala'i. Su kunna inji a hankali kamar tafiyar tsoho, su saki zare can baya, cokali yana rangaji a ruwa. Kifi mai launin bakan gizo ya cafka ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Mai toka kuwa ba ya tsalle, yana can gindin duwatsu, in ya kama sai ka ce buhun siminti ka jawo. Sauran jirage suna ta zagaye a banza, Delmer yana cika firji. Marlys har cewa ta yi, "Bana dai hannunka ya buɗe." Ya ce, "Gwaninta ce."

Ana gobe biki, sun shirya da sassafe za a kai cokali shagon Orval a liƙe. Hannun cokalin yana aljihun Delmer. Hanyar shagon ta bakin tafki ta bi. Ruwan ya kwanta lumui, hazo a kansa, ba iska ko kaɗan.

Delmer ya rage gudu.

"Kada ka fara," in ji Orval.

"Zagaye ɗaya."

"Mutumina, matarka fa ba ta wasa."

"Kai da ba ka da mata, me ka sani? Zagaye ɗaya, mu wuce ta duwatsun can mu dawo."

Orval bai ƙara musu ba, don dama sandarsa tana bayan mota.

Suka yi zagaye ɗaya, ba komai. Suka yi na biyu. Orval yana shan kofi yana tsiya.

"Rage inji, direba. Kifi muke nema ko tsere muke yi?"

"Yi mini shiru. Kai da ka shekara kana kama ciyawa."

"Ciyawar ma ta fi wasu abin da suke kawowa gida girma."

Bai rufe baki ba sandar Delmer ta lanƙwashe har kanta ya taɓa ruwa. Delmer ya ɗauka dutse ya kama, gabansa ya faɗi. Sai dutsen ya fara tafiya.

"Kashe inji! Kashe inji, Orval!"

Kifin ya nutsa ƙasa ya ƙi motsi. Delmer ya jawo kamu ɗaya, kifin ya ƙwace biyu. Yatsunsa suka sandare don sanyi, amma gumi yana bin bayansa. Orval yana tsaye da koma a hannu yana ba da umarni kamar shi ya haifi kifin: "Ɗaga sanda! Kada ka matsa masa! Matsa masa mana!"

Da kifin ya gaji ya taso, suka leƙa. Mai toka ne, irin wanda Delmer yake gani a hoto jikin bangon shagon kayan su, yana cewa ƙarya ce. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙugun mutum. Orval ya dubi komarsa, ya dubi kifin, ya ajiye komar.

"Ko kansa ba zai shiga ba. Delmer, dubi zarenka."

Zaren ya gogu da dutse, ya yi gashi-gashi, saura ƙiris. Cokalin yana reto a gefen leɓen kifin, ƙugiya ɗaya tak ta riƙe shi.

Orval ya karɓi sanda, ya miƙa masa filaya. "Ji nan. Kama cokalin ka murɗe, kifi ya tafi abinsa, mu wuce shago. In ka ce rungumo shi za ka yi, zai yi fizga, ba ni da alhaki."

Delmer ya durƙusa a gefen jirgi da filaya a hannu. Cokalin yana nan dab da yatsunsa. Ya tuna fuskar Marlys. Ya dubi faɗin bayan kifin nan. Ba wanda zai yarda in ya ba da labari, don shaidarsa Orval ne, Orval kuwa ko ranar haihuwarsa ya faɗa sai an bincika.

Ya yar da filaya ya zura hannu biyu cikin ruwa.

Suka faɗo cikin jirgi tare, shi a ƙasa kifi a sama. Kifin ya yi fizga ɗaya, zare ya tsinke, cokali ya fita daga bakinsa ya yi sama, ya daki gefen jirgi, ƙal, ya faɗa ruwa. Orval ya leƙa yana kallonsa yana sauka, yana juyi yana walƙiya.

"Kai, amma dai yana rawa da kyau," in ji shi.

A hanyar gida Delmer ya yi dabara. Akwatin yana da wani ƙyalle da ke rufe kawunan cokula. Ya faki idon Marlys ya mayar da hannun cokalin gurbinsa, ya ja ƙyalle a kai. In ka duba daga sama, komai cif. Ya ce a ransa wataƙila bana ba duka za a fitar ba.

Washegari gida ya cika. An gasa talo-talo, an gasa kifin ma, ya mamaye rabin tebur. Delmer ya ba da labarin kamun har sau uku, kowane karo zaren yana ƙara siranta. Orval ma an gayyace shi, ya sa riga mai kwala. Marlys tana ta fara'a, har ta dafa kafaɗar mijinta. Hankalinsa ya kwanta.

Aka kawo miyar kabewa. Kowa ya ɗauki cokalinsa. Delmer ya kai hannu gefen kwanonsa, ya ɗago hannun cokali, an goge shi tas yana ƙyalli, ba kai.

"Sha miyarka, maigida, kada ta huce," in ji Marlys.



Ta juya. "Orval, har yanzu kana neman jirgi?"

Orval ya haɗiye miya da ƙyar. "To... wato, ba na gaggawa..."

"Ni ina yi. Makulli yana rataye bayan ƙofa. Ka tafi da shi yau, ma yi maganar sauran gobe."

Delmer ya miƙe. "Marlys, shi ne fa ya yanke shi! Shi ya ce kakansa da cokali yake kamun kifi!"

"Kakana nasa ya yanke," in ji Orval, "ba na matarsa ba." Ya miƙo kwano. "Ƙaro mini kifin nan, don Allah."

Da yamma Delmer da kansa ya taya shi ɗaura jirgin a bayan mota, don Orval bai iya ɗaurawa ba. Sauran kakar nan, in yana son shiga ruwa sai ya buga wa Orval waya ya roƙa. In an ce ya zo, shi ke kawo kofi, shi ke riƙe koma, kuma Orval ya shimfiɗa sabon kafet, sai Delmer ya cire takalmi kafin ya shiga.