Zanen da ke kan madubi

Matar mai aski tana zaune a ofishin lauya, 'yarta na barci a cinyarta. Fanka na juyawa a sama, ƙararta ta fi iskarta yawa.

Mijinta yana tsare. Yana cikin yi wa wani aski ne ya ɗaga kai ya kalli madubin shago, ya kurma ihu, ya yanki mutumin a wuya. Da sauran shan ruwansa, mutumin bai mutu ba.

"Saurare ni, ƙanwata," in ji lauya. "Tun fil azal shari'a ba ta hukunta hannu sai ta tambayi hankali. Ciwo kaɗai bai isa ba. Lokacin da ya ɗaga askar, ya san abin da yake yi? Ya san laifi ne?"

"Bai sani ba."

"To wa zai shaida? Maƙwabta duk sun ce garau yake. Mai gyaran takalma har rantsuwa ya yi cewa mijinki ya fi shi hankali."

"Wannan ai ba abu ne mai wuya ba," ta ce, amma dariyar ta ƙi zuwa.

Garau ɗin da suke ganinsa, aikinta ne. Tun da ya fara cewa akwai wani a cikin madubi yana harararsa, ta lulluɓe madubin ɗaki da tsohon zanenta. In an tambaya, sai ta ce yarinya ce ke ɓata shi da hannu. Ranar da ciwon ya motsa, ta kulle ƙofa ta ce zazzaɓi ne; in ya lafa, ta goge masa riga ta raka shi bakin titi. Madubin shago ne kawai ya fi ƙarfinta. Ba a aski babu madubi.

"In na faɗa, zai dawo gida?"

"A'a. Asibiti za a kai shi, har sai likitoci sun gamsu. Amma magani zai samu, ba ɗauri ba."

Da ta koma gida ta fara gaya wa surukarta, tsohuwar ba ta bari ta kai aya ba. "Gara a ce ɗana ya yi fushi. Mai fushi yana da ranar fitowa. Hauka kuwa gado ake ce masa." Ta nuna jikarta da haɓa. "Wa zai auri wannan?"

"Mama, ko a kurkuku mutumin madubin nan ba zai daina harararsa ba. Kuma can babu mai rufe masa komai."

"Sai dai ki je ke kaɗai."

Ita kaɗai ɗin ta je. A gaban alƙali, maƙwabta na jere a bencin baya, ta kwance duk abin da ta daɗe tana ƙullewa. Mijinta bai ɗago ba ko sau ɗaya. Da aka yanke cewa asibiti za shi, ta fito, ba wanda ya jero da ita a hanya.

A gida ta kama bakin zanen ta ja.

"Umma, kar ki buɗe!" in ji yarinyar. "Mutumin Baba zai fito."

Ta ɗauke ta, ta saɓa a kafaɗa, ta juyo da ita wajen madubin.

"Duba da kyau. Wa kika gani?"

Yarinyar ta daɗe tana leƙe, har da bayan ƙofa.

"Ni da ke."

"To, mu ɗin ne kawai," in ji uwar, ta ninke zanen ta sa cikin kayan wanki.