Akwatin Duna

Ikilima ta juye akwatin ƙarfen Baba Sahabi a kan tabarma. Audiga ta zubo, da bandeji, da almakashi, da kwalbar maganin ciwo, da garin gawayi a ƙulle saboda guba. Duk na kare ne.

"Baba Sahabi, ina ƙwayoyinka na hawan jini?"

Tsohon maƙwabcin nata yana kwance a bakin ƙofa inda ya faɗi da hantsi, bakinsa ya karkace. Duna, baƙin karen da ke raka shi gona tun rasuwar matarsa, yana ta zagaya shi yana kuka.

"Sun ƙare tun damina," in ji Kabiru mai kabu-kabu, wanda ihunta ya jawo. "Na ce in sayo masa a Tanut, ya ce maganin tsutsar Duna ya fi gaggawa."

"Kai kuma ka yi shiru? Katanga ɗaya ce tsakanina da shi!"

 Kabiru ya shiga bayan rumbu ya fito da kwalba cike da man fetur.

"Ya ajiye ne don ranar da Duna zai faɗi. Ya sa na yi masa alkawari ko ina nake zan zo in kai shi wurin likitan dabbobi."

Ikilima ta ji kamar ta fasa kwalbar a ƙasa. Ita ce ke miƙo masa tuwo ta kan katanga, ita ke wanke masa riga, amma ko sau ɗaya bai ce mata kansa na sarawa ba.

Da suka ɗaga shi, ya damƙe gefen zanenta. Ta sunkuya, tana zaton kalmar shahada zai yi.

"Duna... ruwa," ya ce.

"Kai ne ya kamata a ba ruwa, Baba! Kai!"

Suka ɗora shi a babur, mijinta ya hau baya ya riƙe shi. Ba su kai asibitin Ollelewa ba rai ya yi halinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Washegari ɗansa Zakiyyu ya iso daga Damagaram cikin farar shadda. Ya karɓi gaisuwa, ya leƙa ɗakin, sannan ya ga karen kwance a tsakar gida.

"A kore mini wannan najasar. Mutane na zuwa ta'aziyya."

Ya ɗauki dutse. Ikilima, wadda ba ta taɓa barin Duna ya taka zaurenta ba, ta fito daga cikin mata ta tsaya a gabansa.

"Ajiye dutsen nan, Zakiyyu."

"Yaya Ikilima, kare ne fa."

"Na sani. Shi ya zo ya yi ta tonon ƙofata har na fito na tarar da ubanka a ƙasa. Kai yaushe rabonka da garin nan? Ka san ma yana shan magani?"

 Zakiyyu ya saki dutsen ya koma cikin maza.

Da yamma ta zuba sauran fura a sakaina, ta dire wa karen da ƙarfi har ta fantsama.

"Sha, kai da ka fi mu gata."

Duna bai ko ɗaga kai ba. Ya ɗora haɓarsa a kan dokin ƙofar ɗakin Baba Sahabi da aka kulle, kaji suka taru suna tsattsagar furar.