Albasa Ba Ta San Lahadi Ba

Laka ce ta tona wa Labo asiri. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya zura rigar Lahadi, amma ya manta da ƙafafu. Da ya gama buga ƙararrawar majami'a, wato tsohon ƙarfen ƙafar kamiyo, babbar motar kaya, da ke rataye a dogon yaro, sai ya nufo ƙofa da lakar fadama har idon sawu. Wa ke tsaye a ƙofar? Dattijo Attahiru, babba cikin dattawan ikilisiya, mutumin da in ka miƙa masa hannu ƙasa yake fara dubawa.

Wannan kuwa ranin da ya biyo bayan daminar saba'in da uku ne, daminar da ta yi wa mutane ƙarya. A Tungar Bawa, can gefen Dogarawa, hatsi bai kai gwiwa ba ya ƙone a tsaye. Duk wanda ke da ɗan wuri a fadama ya koma ga albasa, ita ce kaɗai za ta saya wa gida dawa. Garkar Labo kuwa, wato lambunsa, ita ce ta ƙarshe, inda ƙasa ta fara zama yashi. Nan 'yan'uwansa suka yankar masa shekarar da ya bi Almasihu, shekarar da suka daina cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Tun daga nan ba shi da dangi sai 'yan gidajen nan na masu bi, waɗanda ba su cika goma ba. Ƙararrawar nan da gurasar jibin Ubangiji da ake raba wa masu bi su ne duk abin da ya samu a madadin 'yan'uwa, kuma yana riƙe da su hannu bibbiyu.

Bayan sujada aka kira shi gindin itace. Ga Dattijo Attahiru bisa kujera, ga Malam Alkasum mai bishara a gefensa. Malam mutum ne mai daɗin murya da taushin zuciya, sai dai tuwonsa na dare daga gidan Attahiru yake fitowa, kwanon da ke rufe da majami'a ma Attahiru ya sayo shi daga Konni.

"Ɗan'uwa Labo," in ji Attahiru, "yau ranar mi?"

"Lahadi, Dattijo. Dashena sabo na, kuma yashi ba ya riƙe ruwa. Da asuba na tahi, ban hana kowa sujada ba."

"Ka hana Ubangiji ranarshi."

Labo ya sosa ƙeya. Shi ba mai gardama ba ne, tambaya kawai ta kuɓuce masa. "To Dattijo, ai garkarka ma ana ban-ruwa yanzu haka. Na baro su Chindo suna ja."

Attahiru ya yi murmushin tausayi. "Waɗannan Musulmi na, ɗan'uwa. Ba su da Lahadi, mi za su karya? Dubi hannuna. Ka ga ruwa?"

Hannun kam a bushe yake, sumul, har da agogo. Labo ya dubi Malam. Malam Alkasum ya san sarai dokar hutun nan ba ta tsaya ga maigida ba, har barori da jakai ta ambata, don shi ya karanta ta da safen nan. Sai dai da ya zo daidai wurin, tari ya sarƙe shi. Yanzu ma tarin ne ya dawo, har sai da aka kawo masa ruwa. Aka yi wa Labo gargaɗi, aka yi addu'a, aka watse.

Ladi, matar Labo, ba ta iya karatu ba, amma kanta na ja. Da ta ji labari, ta ajiye muciya ta ce, "To tunda su ba su da Lahadi, ai kai ma ba ka da Juma'a. Chindo shina tahiya Dogarawa masallaci tun hantsi, sai la'asar. Ka shayar mai da tashi ran Juma'a, shi shayar maka ran Lahadi."

Kai, wannan dabara ta yi! Chindo abokin Labo ne tun suna kiwon awaki, garkarsu kuma shinge ɗaya. Da Labo ya kai masa zancen, ya tafa hannu ya ce da ma ya gaji da tiyar dawar Attahiru, wadda ake shafe mata baki da tafin hannu kafin a juye maka. Aka yi makonni ana haka. Labo ya riƙa zuwa sujada da ƙafafu fes, lawashin albasarsa ya miƙe kore shar, Ladi har ta fara lissafin zanen da za a saya wa 'yarsu Balaraba.

Ashe a garkar Dattijo an rasa babban hannu, don Chindo shi kaɗai yana jan gugan mutum biyu. Ba a daɗe ba aka sake kiran Labo gindin itace.

Wannan karon Attahiru da hawaye ya zo. "Ni dai raina ya ɓaci," ya ce. "Chindo mutum na da muke wa addu'a shi ga haske. Da can albasa na hana shi Juma'a wani lokaci. Yanzu wa ke tura shi masallaci, hankali kwance, kowane mako? Mai buga muna ƙararrawa!"

Labo ya ce, "To Dattijo, ai kai ma shi ka ke sawa."

"Ni biyan shi ni ke. Ciniki daban, zumunci daban. In kana iya biya, ɗauki ko goma."

Da me zai biya, mutumin da 'ya'yansa ke kwana da kunun dusa? Malam Alkasum ya dubi ƙasa, ya ce lalle maganar Dattijo tana da zurfi. Aka yanke cewa musayar nan ta ƙare, in kuwa aka sake gani, horo ne.

Chindo da ya ji, ya ce, "Bar Juma'ar, Labo. Ni shayar maka kyauta, mi a ciki?" Labo ya riƙe hannunsa yana roƙo kada ya yi, wai kyautar ita ce ma babban laifin. Chindo ya zare hannunsa. "Wato ruwana ma ya zama ƙazanta," ya ce. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya bar wa ƙanensa garka, ya tafi Konni dako, bai yi wa Labo sallama ba.

Sai zafi ya sauko. Rijiyar Labo ta ja baya, sai ka kwashe ɗan abin da ya taru ka zauna jiran wani. Wanda ya rasa ruwan wuni guda a irin wannan rijiya ba ya rama shi gobe. Lahadi ta farko Labo ya zauna a benci, ana waƙa yana motsa baki, ransa yana fadama. Litinin ya tarar da bakin lawashi ya yi fari. Lahadi ta biyu ya sake daurewa, Malam ma har ya kawo shi misali a wa'azi, wai ga mai biyayya. Da gari ya waye, fangalin da ke nesa da rijiya duk sun kwanta, sun bushe kamar tsohuwar igiya. Ladi ta zo ta gani, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Lahadi ta uku Labo ya buga ƙararrawa da kyau, yadda ya saba, ya rataye ƙarfen bugun. Sa'an nan ya ɗauki gugansa, a gaban kowa, ya gangara fadama.

Horon wata biyu aka ba shi. Ba jibin Ubangiji, ba benci, ba ƙararrawa. In yana son jin wa'azi, ga tabarma a waje, bakin taga. Malam ne ya faɗa. Labo ya koma gida ya kwanta da rana tsaka ya juya wa ƙofa baya. Dangin farko sun kore shi, ga na biyu sun sa shi waje, abin da ya tsira na albasar kuwa bai kai rabi ba.

Ran Asabar da hantsi sai ga Dattijo Attahiru da kansa a bakin garka, ya tattare riga kada ta taɓa laka. Ya gaishe shi, ya jajanta, ya yi ajiyar zuciya har sau ba adadi. Ya ce shi bai yi barci ba tun ranar, horo kuwa ƙauna ce, wata rana Labo zai gode. Can ya gyara murya.

"Na ce ba. Tunda dai yanzu kana waje, ai Lahadi ba ta hau kanka ba sai an maido ka. Ga Chindo ya tahi, hannu ya yi mini kaɗan. In ka gama da taka da asuba, ka ƙetaro tawa. Tiya guda ta dawa kowace Lahadi. Gara ɗan'uwa shi ci da bare."

Wallahi Labo ya ji gugan da ke hannunsa yana roƙon a maka shi a fuskar mutumin nan. Sai ya tuna Balaraba, wadda jiya ta lashe ƙwarya har ta tsage mata leɓe. Ya ce, "To, Dattijo."

Haka aka yi ta yi. Kowace Lahadi wani ɗan gidan Attahiru ya buga ƙararrawa kamar mai korar birai, Labo yana duƙe bakin rijiya yana ji, abin yana cizon sa. Iska kan kawo masa waƙa daga majami'a, muryar Dattijo a sama da ta kowa. Dawar da ake biyan sa kuwa ja ce, irin ta taimako da aka aiko wa ikilisiya, wadda aka ajiye a ɗakin Attahiru saboda ɓeraye.

Wata biyu suka cika, albasar Dattijo ta dashen baya tana bukatar ruwan 'yan makonni. Dattawa suka zauna, suka yi addu'a mai tsawo, suka gano cewa tuban ɗan'uwa Labo bai gama nuna ba. Dalili kuwa a fili yake, an sha ganin sa yana aiki ran Lahadi. Aka ƙara masa wata guda.

Tuban ya nuna daidai makon da aka cire albasa, aka ɗinke buhuna, kamiyo ya kwashe su. Ranar da aka maido shi, Attahiru ya rungume shi a gaban jama'a yana kuka sharɓe-sharɓe, yana cewa tunkiyar da ta ɓace ta dawo garke. Malam ya miƙa masa gurasa. Labo ya sa a baki, abin da ya yi wata uku yana mafarkinsa, ya tauna ya tauna ta ƙi wucewa, sai da ya tura ta da ƙyar. Tasa albasar jaki ɗaya ya ɗauke ta duka, zanen Balaraba kuma aka bar shi sai baɗi.

Damina ta zo ta wuce, aka sake zuba iri, lokacin dashe ya kewayo. Ran Lahadi da safe Ladi ta ɗebo ruwa a kasko ta dire a gaban mijinta.

"Ban je garka ba," in ji Labo.

"Na sani. Wanke dai, har tsakanin yatsu. Chindo bai dawo ba, kuma Dattijo ya ƙara fangali bana."

Ya wanke. Da ya buga ƙararrawa ya nufo ƙofa, ga Attahiru a tsaye yana karɓar mutane. Ya kama hannun Labo da hannu biyu, idonsa yana ƙasa. Ya duba ƙafar dama, ya duba ta hagu, ya sake duba ta dama. Fes suke. Fuskar Dattijo ta faɗi, kamar wanda aka yi wa rasuwa.