Ranar da Ludayi Ya Suɓuce wa Gwamma

Gwamma ba ta taɓa jin tsoron mutuwa ba sai ranar da ta ga bakin yayarta Altine.

Da hantsi aka aiko cewa Altine ta faɗi. Daga Garo zuwa ƙauyen da Altine take aure tafiyar rabin awa ce a ƙafa, amma Ja'afar, autan Gwamma, bai yarda ta taka ba, a bayan babur ɗinsa ya kai ta. Ta tarar da yayarta a kwance, baki ya karkace ya nufi kunne, hannun dama yashe a kan tabarma kamar ba nata ba. Ido kuwa tar, tana gane kowa.

Gwamma ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yi shahada. Ce La'ilaha illallah."

Altine ta yunƙura, ta sake yunƙurawa har jijiyar wuyanta ta tashi. Abin da ya fito sai "la... la..." da yawu. Sai hawaye suka biyo.

To, wannan shi ne ya shiga zuciyar Gwamma ya zauna daram. Mutuwa ai kowa zai yi. Amma a ce ranar ta zo, kalmar tana nan a ranka, harshe ya ƙi ɗaukarta? Kuma haka mahaifiyarsu ta yi a Kutama, tana zaune lafiya lau ta kife, ta kwana tara ba magana har Allah ya karɓi abinsa. Shekara biyu kacal Altine ta ba Gwamma.

'Yan dubiya kowa da tasa. Wasu suka ce iska ce ta buge ta. Mafi yawa suka ce wahalar zamanin ostarati ce take fitowa yanzu, shekarun nan da komai ya yi tsada, taki ya gagari manomi, ita da Gwamma suna ɗaukar daddawa da ƙuli-ƙuli a ka su taka har kasuwar Kabo su dawo, su daka dawa da hannunsu, su ci da kwaɗon tafasa ko na zogale. Babu wanda ya tuna cewa shekara shida ke nan da 'ya'yan Altine suka hutar da ita, ko tsintsiya ba ta ɗauka.

Ja'afar ya ji wannan magana ta wahala, ya riƙe ta da hannu biyu. Yana da rumfar yadi a Kano, ranar Alhamis yake zuwa gida ya koma Asabar. Dama ya shekara uku da hutar da uwarsa, yanzu sai ya ninka. Ya ɗauke taɓaryarta ya kai gidan maƙwabta. Ya ce wa matarsa Badi'a, ko buta kada Inna ta ɗaga. Miya kullum da nama, mai ya kwanta a samanta, gishiri da dunƙule sun ji. Da safe kunun kanwa don ya kori sanyi, da la'asar shayi mai kauri da madara da sukari. In fita ta kama, ya riga ya yi magana da Hammadu mai acaɓa.

Kada fa a ce mugunta ce. Duk ɗan da Allah ya buɗa wa, abu na farko shi ne ya hutar da uwarsa. In aka ga Gwamma tana daka, ba ita za a zaga a majalisa ba, shi za a zaga.

Haka ta zauna, tana ƙara nauyi, ƙeyarta tana sara, kunnenta yana ƙugi. Duk sanda ta yi ƙorafi sai a ƙaro matashin kai.

Wata safiya tana shan kunu a bakin ƙofar ɗakinta, sai ludayin ya suɓuce ya faɗi a kan zaninta. Ta kai hannu ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufewa. Ta dube su. Nata ne, ga lallen, ga zoben azurfa, amma ba sa jin maganarta. Ta buɗe baki ta kira Badi'a da ke wanke-wanke a bayan ɗaki, harshen ya yi mata nauyi kamar an cusa mata tsumma. Zufa ta karyo mata. Ta ce bari ta yi shahada.

"La... la..."

Da kunnenta ta ji muryar Altine tana fitowa daga bakinta.

Ba ta san tsawon lokacin ba, ita dai ta san kafin yatsun su motsa kunun ya huce ya yi fata. Sannu a hankali harshen ya saku. Ta faɗi kalmar tun daga farko har ƙarshe, ta sake, ta sake. Da Badi'a ta leƙo ta ga zani ya ɓaci, Gwamma ta ce kaza ce ta ture mata ludayin.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san in Auta ya ji, ko bakin ƙofar ma ba za ta ƙara zama ba, gado za a ɗora ta. Amma daga ranar ba ta da sukuni. Tana cin abinci sai ta tsaya ta gwada harshenta. Tana tsakiyar hira sai a ga tana dunƙule hannu tana buɗewa.

Kwana uku bayan nan ta ce za ta barka Gwarzo, ta shiga motar haya, ta sauka ta nufi asibiti. Wata ma'aikaciya mai suna Asta ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta matsa ta matsa, ta duba. Sai fara'arta ta ɗauke. Ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun.

"Inna, da ƙafarki kika shigo nan?"

"Da ta wa zan shigo, 'yar nan? Me kika gani?"

"Jininki ya hau ƙwarai. Wani abu ya taɓa faruwa da ke? Hannu, ko baki?"

Nan Gwamma ta fashe da kuka, ta ba ta labarin ludayi da na Altine da na mahaifiyarsu. Asta ta kai ta gaban likita nan take, aka rubuta magani, sannan ta zaunar da ita a benci.

"Abin da ya same ki gargaɗi ne, Inna. Wani ba ya samun gargaɗin ma. Ƙwayar nan kullum za ki sha, ko kin ji garau kada ki bari. Gishiri ki rage shi sosai, dunƙule haka, kanwa kuwa ki rabu da ita. Ki dinga tafiya kullum, ki fara kaɗan-kaɗan har ki kai ki ɗan yi gumi. Da can da kike da ƙarfinki me kike ci?"

"Abincin babu mana. Tafasa, zogale, rama, tuwon dawa."

"To ki koma musu."

Gwamma ta share ido da gefen mayafi. "Wato ɗana ya fitar da ni daga ostarati, ke kuma ki mayar da ni?"

Asta ta yi dariya. "Ban ce ki zauna da yunwa ba. Ki ci ki ƙoshi. Zaman nan ne nake jiye miki tsoro."

Maganar abinci ba ta yi wuya ba. Badi'a yarinya ce mai hankali, ta dinga ɗiban wa surukarta miya kafin a zuba gishiri. Tafiyar ce matsala. Da Ja'afar ya zo ranar Alhamis ya ga ƙwayoyi ya ji an ce hawan jini, sai ya tafa hannu.

"Kin gani ko, Inna? Mai hawan jini hutu yake so. Wace tafiya kuma? So kike a ce Ja'afar ya bar uwarsa tana gantali a rana?"

Ta buɗe baki za ta faɗa masa zancen ludayi, ta ga yadda idonsa ya yi ja don tsoro, ta fasa.

Shekarar kuwa ana tsakiyar zafin Shari'a, ko'ina wa'azi ake yi mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa, kuma Ja'afar yana cikin masu ɗaga murya a kai. Ranar Asabar yana ɗaure kaya a babur, Gwamma ta ce, "Auta, zan dinga zuwa duba Yaya kullum. Ko shi ma za ka hana?"

"Wane ni in hana dubiya? Hammadu zai dinga kai ki."

"Hammadun muharramina ne?"

Ja'afar ya tsaya da igiya a hannu. "Inna, ke ai tsohuwa ce."

"Au, a wa'azin naku an cire tsofaffi? Ban ji wurin ba."

Ya ƙulle igiyar, ya tayar da babur ya tafi.

Washegari da sassafe ta kama hanya. Damina ce, dawa ta fi ta tsawo hagu da dama, babu kowa sai kukan kurciya. Tun ba ta yi nisa ba zuciyarta ta hau bugu, ta kasa gane na tafiya ne ko na abin ne ya dawo. In ta faɗi a nan fa? Wa zai gan ta? Ta tsaya, ta dunƙule hannu ta buɗe, ta faɗi shahada da ƙarfi har kurciyar ta tashi. Harshe lafiya. Ta ƙara taku ashirin ta sake gwadawa. Tafiyar rabin awa sai da ta ci mata awa guda da hutu uku.

Ta zauna kusa da Altine tana haki, ta ba ta fura a baki, ta dinga ja mata kalmar gaɓa-gaɓa kamar mai koya wa jinjiri. Gobe ma haka, jibi ma haka. A mako na biyar ta koma wurin Asta, aka ce jinin ya sauka amma da saura, kada ta saki jiki. Dama ba ta saki ba.

Wata Laraba Ja'afar ya dawo ba zato. Tun a tasha aka tare shi da cewa ana ganin Inna kullum a hanya, lafiya dai ko kasuwa ce ta yi sanyi? Ya biyo hanyar gonaki ransa a ɓace, ya cim mata tana tafe, gumi har wuya, da ƙunshin zogale a ka.

"Inna, hau. Ni dai muharraminki ne."

"Ba zan hau ba."

"Kin san abin da ake faɗa a kaina a gari?"

Gwamma ta sauke ƙunshin. Ta miƙa masa hannunta na dama ta ce, "Riƙe." Ya riƙe. "Wannan hannun ya mutu wata safiya, Auta. Ludayi ya faɗi na kasa ɗauka. Na nemi shahada a bakina ban same ta ba. A zaune nake, a kan matashin da ka saya mini, da kunun da ka ce a dama mini. Yaya ma a zaune take. Innarmu ma a zaune."

Bai saki hannun ba. Ya ce, "Yaushe? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da ka bar ni na taka?"

Babur yana ta ƙara a tsakaninsu. Can ya murɗa makulli ya kashe shi. Ya sauko, ya ɗora ƙunshin zogalen a kan sirdi, ya kama ƙahon babur ya fara turawa.

"Mu je," ya ce. "Amma a hankali."

"Kai dai ka yi a hankali, ga tumbi ka fara ajiyewa."

Suka ci gaba, ita a gaba, shi a baya yana nishi. Da suka kai wajen wata tsamiya ya ji ta tsaya ta faɗi shahada da ƙarfi, kalma bayan kalma, tana sauraren kanta. Bai tambaye ta dalili ba. Ya jira har ta kai ƙarshe, sannan ya ci gaba da turawa.