Fentin Baba a Bangon Ƙasa

Tun daga bakin get Injiniya ta ji warin. Ta tsaya da hular kwano a hannu, ta sake shaƙa ko hancinta ne ke mata ƙarya. Warin fenti mai maiƙo ne, irin wanda ta tashi tana ji a jikin rigunan mahaifinta, kuma ba shi da abin yi a wannan gini.

Makarantar ƙananan yara ce, aikinta na farko da aka sakar mata ragama. Da yamma mai bincike zai zo daga hukumar da ke ba da takardar shaidar gini mai kare muhalli, kuma masu makarantar sun faɗa mata tun farko cewa ba za su karɓi makulli ba sai da takardar. Saboda takardar nan ta hana kowa sakat. Ta sa an buga bulo da jar ƙasar wurin, an ɗora farantan sola a rufi, an jawo ruwan sama zuwa tanki. Bangon kuwa ta ce a bar shi tsirara, ba shafe ba fenti, don ya riƙa shan zafin rana yana sakin danshi da kansa. Leburori sun yi gulmarta har sun gaji.

Foman, shugaban leburorin, ya taho yana sosa ƙeya. Maigadi kuma ya maƙale a bayan tanki, wai yana duba famfo. Da ƙyar ta tatso maganar daga bakin foman: ranar hutu wani tsoho ya zo da tsaninsa da gwangwanayensa, ya ce shi ne uban Injiniya, to wa zai tare uban Injiniya a ƙofa?

Ta wuce su da sauri. Babban zauren da yara za su riƙa taruwa ya koma launin ruwan madara daga ƙasa har sama, yana ƙyalli. Abin haushin ma, aikin ya yi kyau. Ko ɗigo babu a daɓe, layin da ya bi gefen tagogi kamar an ja da zare. Ta dafa bangon, fentin ya ɗan kama mata yatsa.

Ta fita, ta dawo. Ta buɗe tagogi duka, ta sa aka jawo fanka, ta kashe, ta sake kunnawa. Ta ɗauki waya za ta roƙi mai bincike ya ɗaga zuwansa, ta tuna yadda aka sha wahala kafin a samu wannan rana, ta mayar da ita aljihu. Mutumin nan da na'urar auna iska yake yawo, kuma ko babu na'ura, mai mura ma zai ji wannan wari. Foman ya kawo shawarar a jingina allunan katako a rufe bangon, a ce ma'ajiya ce. Ta yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da aiki a rufi.

Tana cikin wannan safa da marwa sai ga Baba. Ya sha wanka, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, yana tafe yana gaisa da magina ɗaya bayan ɗaya. Ya kwashe rayuwarsa yana fenti, kuma a iliminsa ba a tarbar baƙo da bango tsirara. Duk ginin da manya za su zo gani, ana gobe sai an kira shi ya yi masa ado. Ashe maganar da ake yi a majalisarsu ce ta dame shi, wai ’yar mai fenti ta yi gini ta kasa shafa masa ko farar ƙasa. Ya haɗiye abin ya haɗiye, har ya ƙi haɗiyuwa.

“Uwata, kin gani?” Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. “Zaure kawai na samu yi. Da kin faɗa mini da wuri, da har ajujuwan na gama miki.”

Ta dubi hannunsa. Wannan hannun ne ya biya mata karatu, burushi bayan burushi, har ƙirjinsa ya fara ƙugi da sanyin safiya. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta rasa wanda za ta fara saukewa. Ta ja shi gefe inda leburori ba za su ji ba, ta yi masa bayani a hankali: bangon ƙasa numfashi yake yi, fentin ya toshe shi, danshi zai taru a ciki, warin kuma yara ne za su shaƙa. Ya ce ai ita ma shi ta shaƙa ta girma, ga ta nan garau. Ta ce shi fa, ƙirjinsa garau yake?

“Baba, in mutumin nan ya tarar da shi, ba za a ba ni takardar ba. Sai an kankare.”

Ya juya ya daɗe yana kallon zauren. Ta ga yana bin layin tagogin da ido, yana neman inda ya yi kuskure, kuma babu. Daga nan ya tuɓe babbar rigar, ya ninke ta a kan bulo, ya ce a miƙo masa ƙarfen kankara. Foman ya matso da mutum biyu za su kama, ya ɗaga musu hannu. Ya ce tun da yake ba a taɓa kankare aikinsa ba, kuma ba zai tsaya yana kallon wani yana yi ba.

Lokaci ba zai jira mutum ɗaya ba, ita ma ta sani, shi ma ya sani. Ta bar shi ya ci rabin bangon farko shi kaɗai, sannan ta yi wa foman alama da ido, suka shiga ta ɗaya gefen. Fentin yana zubowa da fatar bulon a jikinsa, jar ƙasa tana fitowa dabbare-dabbare. Ko za a gama kafin yamma, ko warin zai fita, ba ta sani ba. Ta kama masa tsani, tana leƙen get duk sanda mota ta wuce.

Can, bai ko waiwayo ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Uwata, in baƙon ya tambayi wanda ya yi fentin, ki ce wani ne. Kada ki ce babanki.”