Ranar da Auta Ya Buɗe Ƙofar Ruwa

Shekara biyar Auta yana gadin ƙofar ruwa a babban tafkin da aka gina don a farfaɗo da fadamar da ta mutu. Aikin bai wuce ya leƙa sandar awo kowace safiya ya rubuta inda ruwa ya kai ba. Ruwan kuwa, kai ka ce baki aka yi masa, ko rabin hanyar jan layin haɗari da ke jikin sandar bai taɓa kaiwa ba.

Shi ya sa da yayansa ya zo ɗakin gadi yana tambaya ko ya dasa albasa a busasshiyar fadamar, Auta ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, dasa abinka. Wannan tafkin ko akuya ba zai cinye ba."

Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya zuba komai a gonar. Bawan Allahn nan shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, kuma mutum ne mai taurin kai da ba ya neman shawarar kowa. Sau ɗaya tak ya nema.

Abin da Auta bai sani ba, don wa zai tsaya gaya wa mai gadi, shi ne an kusa gama magudanar da za ta haɗa tafkin da babban kogi. Aka buɗe ta, ruwan kogi ya fara kwararowa. Cikin sati uku ruwa ya haɗiye jan layi ya fara lasar leɓen bangon tafkin.

Injiniya ta zo da hular kwanonta, ta dubi sandar awo, ta ce gobe da hantsi a buɗe ƙofar ruwa.

"Ranki ya daɗe, kwana goma kawai. Albasar yayana ba ta ƙosa ba."

"Bangon nan ba zai kai kwana uku ba, ga gidajen mutane a ƙasa," in ji ta. "Ba an kafa allon hana noma ba?"

An kafa mana. Auta ne ma ya buga ƙusoshin.

Da yamma ya je ya gaya wa Yaya. Ya so a zage shi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Amma Yaya ya ci gaba da cire ciyawa, ya ce, "Ai makullin yana hannunka." Hankalinsa kwance.

Washegari Auta ya kama sitiyarin ƙarfen buɗe ƙofar da hannu biyu. Juyi arba'in ake yi kafin ƙofa ta ɗaga, kuma kowane juyi sai da ya ji shi a ƙirjinsa. Ruwa ya ɓalle da ruri. Manyan gari da suka zo kallo suka tafa, masunta suna ihu, wata tsohuwa na kukan murna don ta ga fadamar ƙuruciyarta za ta dawo. Auta bai ga laifinsu ba, shi dai baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ya gangara da gudu. Ya tarar da Yaya cikin ruwa har gwiwa, yana lalube yana tumɓuko albasa 'yan ƙanana kamar ƙwan tantabara, yana cusawa a gaban riga.

Auta ya tuɓe takalmi ya shiga, ya sunkuya zai kama masa.

Yaya bai ɗago ba.

"Malam ma'aikaci," ya ce, "matsa can. Kana taka mini albasa."